Ka Auna Kafin Ka Ƙara: Matsin Mai da Iskar Naitiros a Injin Mota

Laccar da aka gabatar a gaban makanikai, direbobi da yara masu koyon sana'a a Umbadda, Omdurman

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya dawo da mu gidajenmu da garejojinmu.



Masu shirya wannan zama sun kawo mini tambayoyi biyu. Ta farko daga samari take. Sun ga bidiyo a waya: an ɗaure wata shuɗiyar kwalba a but ɗin mota, direba ya danna maɓalli, mota ta zabura ta bar abokiyar tserenta a baya. Suna so su san abin da ke cikin kwalbar, da kuma ko za a iya ɗaura ta a Corolla ko Accent irin namu. Ta biyu daga manya take, masu motocin haya Amjad da Hiace da ke jigila tsakanin Suk Libya da cikin Omdurman. Sun ce tun da aka dawo daga gudun yaƙi, motoci da yawa suna tashi lafiya, suna salo lafiya, amma da an cika su da fasinja an hau titi sai su riƙa shaƙewa, wasu ma ba a jima ba injin ya buga.

A wurin bakanike, amsar tambayoyin nan guda ce, kuma ita ce duk abin da na zo faɗa yau. Injin ba ya karɓar ƙarin iska sai tare da ƙarin mai daidai gwargwado, gwargwadon nan kuwa ido ba ya ganinsa, kunne ba ya jinsa, ma'auni kaɗai ke nuna shi.

Gadon da muka tarar

Kada wani yaro ya ɗauka ƙara wa mota ƙarfi baƙon abu ne a ƙasar nan. Dattawa sun san Safinja, babbar motar Bedford ƙirar Ingila da ta yi shekaru tana ratsa rairayi zuwa Kurdufan da Darfur. Ustocin Sudan, wato gwanayen makanikai, su ne suka karɓe ta suka sake mata fasali, har ta riƙa ɗaukar kayan da masu kamfanin ba su taɓa tsara mata ba. Aikin ya burge masana daga waje: Kurt Beck na Jami'ar Bayreuth a Jamus ya yi rubutu a kansa, Valerie Hänsch kuma ta shirya fim a kan motar a 2009. Abin lura a aikin waɗancan ustoci shi ne tsarinsa. Sai sun ƙarfafa shasi, sun ƙara sifirin, sun duba taya, sannan su ƙara lodi. Ba su taɓa fara ɗora kaya ba sannan su koma tambayar ko ƙarfe zai iya. Wannan tarbiyya nake so mu shigar cikin injin.

Abin da injin yake ci

Injin fetur yana aiki da hawa huɗu: fistin ya zuƙo haɗin iska da mai, ya matse shi, fulogi ya kunna wuta ta tura fistin ƙasa, sannan hayaƙi ya fita ta salansa. Ƙarfin mota duk daga wannan ƙonewa yake fitowa. Mai kuwa ba ya ƙonewa sai da iskar oksijin.

Masana sun auna cewa kilo ɗaya na fetur yana buƙatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone ƙurmus. Wato kowace litar da ka saya da kuɗinka, sai injin ya zuƙo mata iska kimanin lita 9,000. Idan aka take totur gaba ɗaya, injin ya fi son mai ya ɗan rinjaya, wajen 12.5 zuwa 13 na iska ga ɗaya na mai, saboda wannan rarar man ita ke sanyaya kan fistin da bakin bawul.

Haɗin zai iya karkata ta fuska biyu. In mai ya yi yawa, za ka ga baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, fetur ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ringi ya ci da wuri, aljihun direba ya sha wahala. Wannan cuta ce mai kashe injin sannu a hankali, kuma tana bayyana kanta. In kuwa mai ya yi ƙaranci, injin ya shiga ƙishirwa, babu hayaƙin da zai tona asiri. Zafi ne ke hauhawa a ciki, wuta ta riƙa tashi ba bisa lokaci ba, ka ji ƙara ƙas-ƙas-ƙas a kan hawa. Kwance fulogi ka duba: bakinsa fari fat, wani lokaci da 'yan ɗigo-ɗigo masu ƙyalli. Waɗannan ɗigo alminiyon ne da ya tashi daga kan fistin. Wannan cutar ita ke kisa farat ɗaya.

Akwai abin da duk direban Omdurman ya sani a jikinsa: mota ta fi kuzari bayan sallar Asuba fiye da bayan Azahar. Dalili shi ne iska mai zafi ba ta da nauyi. Iskar da ke digiri 45 ta gaza wadda ke digiri 20 da kusan kashi 8 cikin ɗari. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani in mun zo kan kwalba.

Famfo, regileta da injekta

A motar kafireta, matsin mai kaɗan ne, bai kai rabin bar ba, kuma iskar da ke wucewa ita ke jan man da kanta. Tun da Bosch ya fito da injekta mai aiki da lantarki a motar Volkswagen a 1967, al'amari ya fara sauyawa, yau kuwa kusan duk motar fetur da ke shigowa ƙasar nan ta injekta ce. Famfo yana cikin tanki, ya turo mai ta matata zuwa bututun da injektoci ke jere a jikinsa, da matsi wajen bar 3, wato psi 43 ko kusa da haka.

Ga inda mutane da yawa suke ruɗewa. Kwamfutar mota, wadda muke kira birenbos, ba ta ganin man da ke fita. Abin da take iko da shi kawai shi ne tsawon lokacin da injekta zai buɗe, wani ɗan ƙanƙanen yanki na daƙiƙa. Lissafinta ya ginu a kan zaton cewa matsin da ke bayan injektan daidai yake. A yawancin motocinmu babu ma na'urar da ke gaya mata matsin. Mai tsaron wannan amana ita ce regileta.

In ka yanka tsohuwar regileta gida biyu, abin da za ka gani ba shi da yawa. Ɗan gwangwanin ƙarfe ne da za ka iya rufewa a tafin hannu. A tsakiyarsa akwai faifan roba, a bayan faifan akwai sifirin da ke danna shi a kan wata 'yar ƙofa. Mai yana tura faifan daga ƙasa. Da matsi ya fi ƙarfin sifirin, ƙofa ta buɗe, rarar mai ta koma tanki ta tiyon komawa. A saman gwangwanin kuma akwai siririn tiyo da ya tafi manifol. Aikinsa shi ne: lokacin salo, totur a rufe yake, manifol yana zuƙa da ƙarfi, wannan zuƙar za ta iya jawo mai daga bakin injekta fiye da kima. Sai tiyon ya ɗan ja faifan baya, matsi ya sauka da wajen rabin bar. Da an take totur zuƙa ta ragu, matsi ya koma sama. A injin mai turbo, duk bar ɗaya da turbo ya ƙara a manifol, dole matsin mai ya ƙaru da bar ɗaya. Sababbin motoci da yawa, tun daga ƙarshen shekarun 1990, an mayar da regiletar cikin tanki tare da famfo, babu tiyon komawa, matsinsu a tsaye yake.

Yanzu ga lissafin da nake roƙon kowane yaro ya rubuta a littafinsa. Yawan man da ke fita ta injekta ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da matsi. In ka ɗaga matsi daga bar 3 zuwa 4, ka ƙara kashi 33 cikin ɗari na matsi, amma man da ke fita kashi 15 kawai zai ƙaru, famfo kuwa ya shiga wahala. In matsi ya faɗi daga 3 zuwa 2, mai zai ragu da kashi 18. Haɗin da ya kamata ya tsaya a 12.5 sai ya koma sama da 15, a daidai lokacin da injin ke tsakiyar aiki.

Masu Amjad da Hiace, ga amsarku. A salo da tafiyar hankali, injin ɗan mai kaɗan yake sha, ko gajiyayyen famfo zai iya ba shi. Na'urar da ke shinshina hayaƙi a salansa tana kuma gaya wa birenbos ya ɗan ƙara lokacin buɗe injekta, sai aibin ya ɓoyu. Amma da an take totur har ƙasa, yawancin motoci suna daina sauraron waccan na'ura, su koma ga lissafin da aka rubuta musu a kamfani. A nan ne famfo ke kasawa, matsi ya faɗi, babu mai gyarawa. Shi ya sa motar da ta yi lafiya lau a gaban Usta take shaƙewa a kan gada da fasinja a ciki.

Gwaji biyar

Geji na matsin mai agogo ne mai allura da tiyo, farashinsa bai kai na fistin guda da aikin ɗaura shi ba. Kafin ka kwance bututu, cire fis ɗin famfo ka bar injin ya mutu da kansa don matsi ya sauka, ka naɗe mahaɗar da tsumma, ka kori mai sigari, ka ajiye abin kashe gobara kusa. Sannan ka ɗaura geji, ka mayar da fis ɗin, ka yi waɗannan.

Na ɗaya, murɗa makulli ba tare da tayar da injin ba. A yawancin motoci za ka ji kukan famfo na daƙiƙa biyu ko uku, allura ta tashi nan take. In tana hawa da ƙyar, akwai magana.

Na biyu, tayar da injin ka bar shi a salo, ka rubuta lambar, ka gwada da abin da littafin motar ya faɗa.

Na uku, in regiletar ba a cikin tanki take ba, zare siririn tiyon nan daga kanta. Allura ta tashi da wajen rabin bar. In ba ta motsa ba, regileta ko tiyon ya lalace. Sannan ka shinshina bakin tiyon. In akwai danshin fetur a ciki, faifan roba ya yage, injin yana shan mai ta ɓarauniyar hanya. Wannan shi ne sirrin motoci da yawa masu baƙin hayaƙi da wuyar tashi in sun yi zafi.

Na huɗu shi ne mafi muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Ka fito da geji inda za a gan shi daga waje, ba a cikin ɗakin mota ba, a hau titi da lodi, wani na tuƙi wani na kallon allura. In aka take totur allura ta riƙa sulalewa ƙasa, to famfo ne, ko matata ta toshe, ko wutar da ke isa famfo ba ta cika ba. Sa mita ka auna wutar a bakin famfon kansa. Sau da yawa laifin na tsatsar waya ne ko rile, amma a tafi a sayi sabon famfo a banza.

Na biyar, kashe injin ka zuba wa allura ido. A motocin Toyota da yawa, ƙa'ida ita ce bayan minti biyar matsi kada ya gaza bar 1.5. In ya zube nan da nan, ko injekta na ɗiga, ko bawul ɗin famfo na sakin mai baya, ko regileta ba ta rufewa.

Wanda ya yi waɗannan biyar ba zai ƙara matse tiyon komawa da filaya don ya ɗaga matsi ba, ba zai danne regileta da guduma ba, ba zai cire matata ya jefar don ta toshe ba, ba zai ɗaura famfon kowace mota a kowace mota ba. Duk waɗannan ana yi, kuma duk aikin lalube ne.

Halin da muke ciki a Umbadda

Littattafan kamfani ba a rubuta su da halinmu a zuci ba, don haka akwai abubuwa huɗu da sai mu ƙara da kanmu.

Na farko, motocin da suka kwanta. Tun daga 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke har zuwa 2025, motoci da yawa da suka tsira suna tsaye wuri guda. Fetur ba ya jure wannan zama. Sassansa masu saurin tashi sun gudu, abin da ya rage ya zama jan ruwa mai ɗoyi da danƙo. Danƙon nan yana liƙe famfo, ya toshe ragar injekta, robobi kuma su bushe su tsage. Kada a sa batir a murɗa makulli. A sauke tanki, a wanke, a canza matata da tiyo, a wanke injektoci a ga feshinsu da ido, a canza baƙin mai, sannan a tayar.

Na biyu, man da muke samu. Matatar Jaili da ke arewacin Khartum, wadda a da take iya tace ganga 100,000 a rana, ta tsaya a lokacin yaƙi, gobara kuma ta ci ta a Janairun 2025. Man da aka shigo da shi ta Port Sudan sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a tanka, wani kuma ya bi ta durom da jarka da gora kafin ya shiga tankinka. Kowane juyi dama ce ga ƙura da ruwa, ga kuma marasa tsoron Allah masu gauraya shi da wani abu. Fetur da aka gauraya da kananzir ko dizal yana saurin kawo ƙarar nan ta ƙas-ƙas. Zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye ta minti goma, ruwa da laka za su kwanta a ƙasa ka gan su.

Na uku, tuƙi da ƙasan tanki. Tun da aka janye tallafin mai a Yunin 2021, direbobi da yawa lita biyu ko uku suke zubawa su fita nema. Na san dalili, kuma ban raina shi ba. Amma a sani cewa man da ke cikin tanki shi ke sanyaya famfo. In ya yi ƙasa, famfo na zafi, yana zuƙo iska a kwana, yana kwasar dattin ƙasa. Wanda ya iya riƙe rubu'in tanki a matsayin ƙasansa, man da zai ƙona bai ƙaru ba, famfonsa kuwa zai daɗe.

Na huɗu, zafi da habub, wato guguwar ƙura. A Mayu da Yuni zafin garin nan yana wuce digiri 40 kusan kullum. Fetur yana iya tafasa a cikin bututun da ya bi kusa da salansa, mota ta mutu a cunkoso, ta huce ta tashi. Ƙura kuwa tana toshe matatar iska, sai wani ya cire ta don mota ta yi numfashi. Wanda ya yi haka ya buɗe wa rairayi ƙofa zuwa silinda.

Abin da ke cikin kwalba

Yanzu samari, ga taku. Iskar da ke cikin kwalbar sunanta naitiros. Wani Bature ɗan Ingila, Joseph Priestley, ya gano ta a 1772. A 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya fara amfani da ita don kashe zafin cire haƙori, har yau kuma asibitoci suna aiki da ita. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa suka sa ta a jiragen yaƙi, a tsarin da suka kira GM-1, don injin ya sami oksijin can sama inda iska ta yi ƙaranci. A 1978 aka kafa kamfanin NOS a Amurka, mai shuɗiyar kwalbar da kuka gani, fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 kuma ya shigar da ita idon samarin duniya.

Ita kanta ba mai ba ce. A iskar da muke shaƙa, oksijin kashi 23 ne cikin ɗari ta fuskar nauyi. A naitiros kashi 36 ne. Idan ta shiga silinda zafi ya kai wajen digiri 300, sai ta rabu gida biyu, naitirojin da oksijin. Ga kuma amfani na biyu: a cikin kwalba ruwa ce, tana fitowa ta koma iska mai tsananin sanyi, don tana tafasa ne a digiri 88 ƙasa da sifiri. Wannan sanyin yana sa iskar da ke shiga injin ta yi nauyi, irin abin da muka ce yana faruwa da Asuba, amma ninkin-ba-ninkin. Saboda haka kwalbar ba ta kawo ƙarfi ko na doki ɗaya. Dama take bayarwa a ƙona ƙarin fetur, ƙarfin daga fetur ɗin yake fitowa.

To in aka ba da oksijin ba a ba da fetur ba fa? Ku je wurin mai walda da gas ku tsaya ku kalla. Zai gasa ƙarfe da harshen wuta har ya yi ja, ƙarfen yana nan bai yanke ba. Sai ya danna hannun oksijin. Nan take tartsatsi ya tashi, wuta ta ratsa ƙarfe mai kauri ta fita ta ƙasa. Bai ƙara gas ba, oksijin kawai ya ƙara. Haka naitiros ke yi wa kan fistin in fetur ya gaza, kuma daƙiƙu kaɗan sun isa. Alminiyon yana narkewa a digiri 660, yana kuma yin laushi tun kafin a kai nan.

Tsarin ɗaura ta iri biyu ne. Akwai wanda ke fesa naitiros ita kaɗai, a bar wa injektocin mota su ƙara mai, ko ta ɗaga matsi ko ta sake lissafin birenbos. Akwai kuma wanda ke fesa naitiros da fetur tare ta baki ɗaya, kowanne da solonoyid ɗinsa da jet ɗinsa, wato ɗan ƙarfe mai ƙididdigaggen rami. Ko wanne aka bi, komai ya rataya a kan matsin mai. Ƙarin ƙarfin doki 50 yana neman ƙarin fetur wajen lita 15 a awa, kuma famfo ya ba da shi nan take ba tare da allura ta girgiza ba. Famfon da ya faɗi gwaji na huɗu ba shi da abin cewa a nan.

Masu wannan aiki da ilimi suna da sharuɗɗa. Ba a fesawa sai totur na ƙasa gaba ɗaya. Ba a fesawa sai juyin injin ya wuce 2,500 zuwa 3,000 a minti. Ana ja da taimin baya, kimanin digiri biyu ga kowane doki 50. Ana sa fulogi mai saurin fitar da zafi. Ana sa fetur mai inganci wanda aka san asalinsa. Ana ɗaura makunnin da zai yanke naitiros da kansa da zarar matsin mai ya faɗi. Ana farawa da ƙaramin jet, a kwance fulogi a karanta, sannan a matsa gaba. Duk da haka, kwalba mai kilo 4.5 da aka saita a kan ƙarin doki 100 ba ta wuce minti biyu na feshi.

Kwalba a zafin Omdurman

Akwai abin da masu bidiyo ba za su gaya muku ba, domin ba a garinmu suke ba. Matsin da ke cikin kwalbar naitiros zafi ne ke juya shi. A digiri 20 yana wajen bar 50. A digiri 30 ya kai wajen bar 63, kuma a kan wannan matsi, psi 900 zuwa 950, aka lissafa jet ɗin da kamfanoni ke sayarwa. Shi ya sa a ƙasashen sanyi suke naɗa wa kwalba bargon lantarki. Amma da zafi ya wuce digiri 36.4, naitiros ta daina zama ruwa, komai matsin da aka yi mata, kuma matsin cikakkiyar kwalba ya riƙa hawa da sauri. Ku gaya mini, wane but ɗin mota ne a Umbadda yake ƙasa da digiri 36 da tsakar rana a watan Mayu? Ma'ana, lissafin jet ya rushe tun kafin a danna maɓalli: gefen naitiros ya sauya, gefen fetur yana nan inda yake. A wuyan kwalbar akwai faifan kariya da ke fashewa wajen psi 3,000 don kada kwalbar kanta ta tarwatse, kuma dole a ja masa bututu zuwa wajen mota, in ba haka ba iskar ta cika ɗaki ta shaƙe wanda ke ciki.

Ina gargaɗi da babbar murya a kan abubuwa huɗu. Kada wanda ya ɗura naitiros a tukunyar gas ta girki, ba a ƙera ta don ko rabin wannan matsi ba. Kada wanda ya ce tunda oksijin ake nema bari ya ɗauko na mai walda ya jona wa injin, wannan neman gobara ne. Kada a shafa giris ko baƙin mai a mahaɗar bututunta. Kada kuma wanda ya shaƙe ta don maye. Tana lalata aikin bitamin B12 a jiki, ta taɓa jijiyoyi har ƙafa ta shanye. Wadda ake sayarwa don mota ma ana zuba mata sinadarin sulfa mai shaƙe maƙogwaro da gangan. A 2023 hukumar NDLEA ta Najeriya ta shelanta yaƙi da masu sayar da ita don shaƙa, Ingila kuma ta haramta mallakarta don wannan manufa a Nuwambar shekarar.

Kammalawa

Ra'ayina a fili yake. Motar da ake neman abinci da ita, ko ake ɗaukar iyali a cikinta, ba ta da haɗi da wannan kwalba. Wanda ke son motarsa ta yi ƙarfi, ya fara dawo mata da ƙarfin da ta zo da shi: matsin mai daidai, injekta mai tsafta, matatar iska, fulogi, lagireto mai sanyaya. Zai sha mamakin dokin da ke kwance a injinsa.

Amma ban ce samari kada su koyi ilimin ba. Ku koya, ku ƙware. Wasunku za su yi aiki a Saudiyya ko Daular Larabawa ko Bahrain, inda akwai filayen tsere na ƙa'ida irin na Yas Marina a Abu Dhabi da na Sakhir a Bahrain, masu tsawon mita 402, da shinge da motar kashe gobara da likita a tsaye. A can wannan sana'a ce mai daraja, kuma wanda ya iya karanta geji da fulogi shi ake nema. Titin Shiryan al-Shamal ba filin tsere ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, mu kuwa jana'izar da muka yi a shekarun nan ta ishe mu.

Ina roƙon abu uku kafin mu tashi. Ustoci, kowane layin gareji ya haɗa kuɗi ya sayi geji na matsin mai, da mitar wuta, da na'urar karanta birenbos, a ajiye wurin amintaccen mutum kowa ya riƙa ara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yara, kowa ya sami littafi, duk motar da ta shigo ya rubuta irinta da lambobin gwaji biyar ɗin nan, cikin shekara guda zai tara ilimin da babu shi a kowace kasuwa. Direbobi da masu mota, in bakanike ya ce a canza famfo, ku tambaye shi cikin mutunci nawa allura ta nuna, ku kuma biya shi ladan awo kamar yadda kuke biyan ladan ɗauri, domin wanda ya auna ya hana ku sayen abin da ba ku buƙata ya yi muku aiki babba.

Mutanen da ke dawowa garin nan da ɗan abin da ya rage musu suke dawowa, kuma mota ɗaya tana iya zama abincin gida uku. In sun miƙa mana makulli, amana suka miƙa. Allah Ya ba mu ikon riƙe ta, Ya sa albarka a sana'armu, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya zaunar da Sudan lafiya.